Tambayi Likita: Shin ana gadon shan giya?

Likita, mahaifinmu mashayi ne, ciwon hanta ne ma ajalinsa. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, amma ina tsoron gado. (Wani matashi, Zariya)

Allah ya jiƙansa. Ba zan ɓoye maka ba, akwai gado a ciki. Binciken tagwaye da na yaran riƙo ya nuna kusan rabin haɗarin a jini yake. A Denmark, a 1973, an bi diddigin 'ya'yan mashaya maza da aka bayar riƙo tun suna jarirai, sai aka tarar sun ninka sauran yaran riƙo kusan sau 4 wajen zama mashaya, alhali ba a gaban iyayen suka tashi ba. Amma saurin kamuwa ake gada, shi kuma sai an fara ɗanɗanawa yake aiki. Mafi yawan 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya. Ka tsaya inda kake, ka kuma yi nesa da tiramol da kodin, domin wasu sun guje wa kwalba sun faɗa ƙwaya.

Nakan sha kwalba shida ko tangaɗi ba na yi, haka babana yake. Ashe ba jikina ne mai ƙarfi ba? (An sakaya suna, Jos)

Ɗan'uwa, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Wanda giya ba ta saurin bugarwa shi ya fi zarcewa, don jikinsa ba ya taka masa birki, hanta kuwa duk shidan take aikin tacewa. Idan kakan wayi gari hannu na rawa, gumi na karyo maka, sai ka kurɓa kake dawowa daidai, to kada ka yanke ta rana ɗaya a gida. Hakan na iya jawo jijjiga da gane-gane cikin kwana 2 zuwa 3, har da rasa rai. Ka je asibiti a yi amfani da magani a raba ka da ita.

Maigidana yana sha, har yakan aiki ɗanmu mai shekara 12 sayo ta leda. (Wata uwa, Kaduna)

'Yar'uwa, aiken nan za a fara tsayarwa, ko da sai kin sa manyansa a maganar. Wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya fi kowa haɗarin kamuwa. Ki daina ce wa yaron "Baba ya gaji ne", ya riga ya gane. Ki faɗa masa ciwo ne, kuma ba laifinsa ba ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna yana duba masu shaye-shaye, kina iya fara zuwa ke kaɗai ki nemi shawara.