Garin "nano" na kasuwa zai cire zaiba daga ruwan rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Muna zaune kusa da Abu Hamad a ƙasar Sudan, maigidana yana aikin niƙa dutsen zinari, rijiyarmu kuma ba ta da nisa da inda ake zubar da karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutsen bayan an cire zinari. Na sayi wani baƙin gari a kasuwa, wai "nano" ne, a zuba a randa ya tsotse zaiba da dalma. Ruwan ya yi garau, amma hankalina bai kwanta ba. Yarana uku.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Nano na kabon, wato kabon da aka sarrafa ya yi ƙanƙanta har ido ba ya ganin ƙwayarsa, gaskiya ne. Giram ɗaya na girafin, wani nau'insa mai siffar falle siriri ƙwarai, a lissafi, faɗin fuskarsa ya kai murabba'in mita 2,630, in kuma aka liƙa masa oksijin sai dalma da zaiba su maƙale masa kamar ƙarangiya a zani. Amma galibin aikin yana ɗakin gwaji, can ma ɗaure shi ake yi cikin matata, ko a haɗa shi da ƙarfe a janye da maganaɗisu, don ba abin haɗiya ba ne. In ya ƙoshi, ko ruwan ya yi tsami, yana iya sakin abin da ya kama. Abin da ake aunawa a leda a kasuwa kuwa, ina kyautata zaton gawayi ne aka daka.

"Ruwan ya yi garau" ɗin nan ita ce maganar da ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Dalma a ruwa ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata maikrogiram 10 ce a lita, wato giram ɗaya a lita 100,000; zaiba kuma 6. Wane ido ne zai ga wannan? Gawayi yana rage wari da launi, sai uwa ta saki jiki ta dama wa jariri koko. Wasu su ce a tafasa. Tafasawa ruwan take ragewa, dalmar tana nan, ta ma ƙara yawa a kowane kofi. Mai sayar da garin nan ya ji tsoron Allah, da ƙwaƙwalwar yara yake ciniki.

Ki daina ba yara ruwan rijiyar har a auna shi a ɗakin gwaji. Maigida kuma ya riƙa cire kayan aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kada kuma a ƙona zaiba a gida. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen da ake niƙawa cikin gidaje ce ta kashe yara wajen 400.