Kada ka taɓa gulukos mai 13C tukuna

Ɗan'uwa, ka ce furotin ɗin da ka samo daga bakteriyar E. coli, mai amino asid (tubalan da ke gina furotin) 120, ya ba ka hoton HSQC (gwaji a na'urar NMR mai binciken siffar furotin, inda amino asid ke fitowa a matsayin ɗigogi) wanda ɗigoginsa suka cunkushe wuri guda kusa da 8 ppm (ma'aunin matsayin ɗigo a hoton), kana tambaya ko ka wuce zuwa sanya 13C, wato ciyar da bakteriyar da gulukos mai nau'in carbon ɗin da na'urar ke iya gani. A'a, dakata. Furotin da ya naɗe da kyau, wato ya ɗauki siffarsa ta daidai, ɗigoginsa warwatsuwa suke yi, daga wajen 6 har 10 ppm, kowace amino asid da nata ɗigon in ban da wadda ake kira furolin. In ka ga sun taru tsakanin 7.5 da 8.5, to galibi bai naɗe ba. Gulukos mai 13C kuwa tsada gare shi, kuma ba zai gyara samfurin da ya zo da matsala ba.

Amma ka ƙirga ɗigogin kafin ka yanke hukunci. In siraru ne kuma sun kusa cika adadin amino asid ɗin, furotin a warware yake. In kaɗan ne, masu faɗi kamar an shafa tawada da yatsa, to mannewa juna yake yi, wannan kuwa yana da magani. Ya taɓa faruwa da ni: mako biyu ina zargin na'ura, ashe samfurin ne ya yi kauri. Da na tsarma shi, na sauko da pH (ma'aunin tsamin ruwan) zuwa 6.5, na yanke jelar histidin (ɗan guntun da ake liƙa wa furotin don a iya tace shi), sai ga ɗigogi sun fito tar a gwaji na gaba.