Ƙaramin gari, ƙaton coci: daga ina kuɗin ya fito?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hotunan wani gari a Ingila, wai shi Lavenham. Mutanensa ba su wuce 2,000 ba, amma cocinsu sai ka ce na babban birni. Wa ya gina shi, kuma don me?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kuɗin tufafin ulu ne ka gani an mayar da shi dutse. Lavenham, da ke yankin Suffolk a gabashin Ingila, garin masaƙa ne da marina a ƙarni na 15. Sun yi suna da wani yadi mai kauri, shuɗi, wanda suke rinawa da ganyen wani tsiro da ke ba da shuni iri ɗaya da na baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata. Yadin yana fita har ƙasashen waje. A lissafin harajin 1524, garin ne na 14 a arziki a duk Ingila, ya ma biya fiye da birnin York.

A wancan zamani an raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace da cocinta, kuma akwai al'adar da za ta warware maka tambayarka. Gyaran ɓangaren gabas, inda limamin coci ke tsayawa, a wuyan limamin yake. Babban zauren da jama'a ke taruwa kuwa na mutanen gari ne. To, da attajiran Lavenham suka sami abin hannu, sai suka rushe nasu ɓangaren suka sake gina shi tsakanin wajen 1485 da 1525, suka bar na limami yadda yake tun ƙarni na 14. Sake duba hotunan: gefen gabas ya fi gajarta, salon gininsa ma daban.

Gidaje biyu suka fi zuba dukiya. Akwai John de Vere, basaraken da garin ke ƙarƙashinsa, wanda ya yi wa Henry na Bakwai yaƙi a filin daga na Bosworth a 1485, yaƙin da ya ba Henry sarautar Ingila. Sai iyalan Spring, fataken yadi. Thomas Spring, wanda ya mutu a 1523, ya bar fam 200 a wasiyyarsa don a ƙarasa hasumiyar cocin, mai tsawon kusan mita 43. Sun yi imani cewa addu'ar masu rai tana rage wa mamaci azaba, don haka suka so a riƙa tunawa da su. Amma a ganina har da nuna isa, domin tauraron gidan de Vere da tambarin Spring suna nan birjik a jikin ginin. Maƙwabtansu na Long Melford ma sun gina nasu ƙaton a daidai lokacin, kuma ba na raba ɗayan biyu gasa ta shiga ciki.

Arzikin bai daɗe ba. Harajin Sarki Henry na Takwas ya yi nauyi har mutanen yankin suka yi bore a 1525, yaƙe-yaƙe suka toshe kasuwannin ƙetare, daga baya masaƙa 'yan Holan da suka sauka a garin Colchester na Ingila suka kawo yadi mara nauyi mai araha. Garin ya talauce, aka rasa mai kuɗin rushe tsofaffin gidajen katako ya yi na zamani. Su ne gidajen nan masu karkata da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar gani yau.