Tambayoyin Masu Karatu: Gina Banɗaki a Wurin Shaƙatawa

Tambaya: Ƙungiyarmu za ta gina banɗakin jama'a a filin shaƙatawar unguwarmu. Me ya kamata mu fara dubawa?

Amsa: Malam, ku fara da ruwa, domin banɗakin da ba tanki da famfo, cikin mako guda yake zama abin gudu. A haƙa ramin masai aƙalla mita 30 daga rijiya ko burtsatse, a ɗan karkata daɓen don kada ruwan buta ya kwanta, a kuma buɗe tagogi daga sama saboda iska. Ɓangaren mata ya fi na maza yawan ɗakuna, ƙofarsa kuma daban, inda fitila ke haskawa da dare. Kada mazauni ya fuskanci alƙibla, kuma a yi wa masu keken guragu gangara maimakon matakala.