Bas mai bene daga Legas zuwa Kano: a tuƙa ta ko a ɗora ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, sana'ata sayar da motoci. Akwai wata tsohuwar bas mai bene, irin ta Landan, da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can, yanzu shekara uku tana ajiye a wani fili a Ijora ba ta motsa ba. Wani Alhaji a Kano ya saye ta zai mai da ita gidan abinci, da sharaɗin in kai masa ita har ƙofar gida. Makanikena ya ce a sa batir da gas a tuƙa ta, wani kuma ya ce a ɗora ta a tirela. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ɗora ta, kada ka tuƙa ta. Amma kafin ka ba kowa ko sisi, ka ɗauki tef ka auna tsayinta daga ƙasa zuwa ƙololuwar rufi, domin duk lissafin wannan aiki a kan tsayin nan yake.

Bari mu fara da maganar makanikenka. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, ƙofar fasinja a hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokar hanya ta hana hawa titi da mota mai sitiyari a dama, don haka jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan VIO masu duba lafiyar motoci suna da hujjar tsare ka tun ba ka wuce Berger, mafitar Legas, ba. Ko da an kau da kai daga wannan, motar cikin gari ce, an ƙera ta don tsaye-tsaye a ƙasa mai sanyi. Injin yawancinsu a baya yake, iska ba ta isarsa sosai, kuma lagireton da ya shekara uku da tsohon ruwa ya cika da tsatsa. Tayar da ta daɗe a tsaye tana iya yin kyau a ido alhali gefenta ya tsattsage. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Gas ɗin da ke tanki ya tara ruwa da dauɗa, zai riƙa toshe filta. Ga sha: lita ɗaya ba ta wuce kilomita 2 zuwa 3, tafiyar kuma ta haura kilomita 1,000. Idan giyabos ya mutu a dajin Jebba, kayansa ko a Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, sai an sha nema, balle a can.

To, ga lissafin. Irin waɗannan motoci tsayinsu mita 4.3 zuwa 4.4 ne. Tsohuwar Routemaster mita 4.38 ce, nauyinta kusan tan 7 da rabi, waɗanda suka biyo baya kamar Dennis Trident da Volvo B7TL kuma sun kai tan 11 zuwa 12, tsawonsu wajen mita 10 ko fiye. Tirela mai shimfiɗa, wadda ake ɗaukar kwantena ko siminti da ita, bayanta ya kusa mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ɗora bas a kai, ka kusa mita 6. Wannan ba ya yiwuwa, duk wanda ya ce maka zai yi bai auna ba. Lobed ɗin da ake ɗaukar katafila da shi yana kaiwa santimita 90 zuwa mita ɗaya, kenan mita 5.3 ko 5.4. Abin da za ka nema shi ne lobed mai rami a tsakiya, wanda shimfiɗarsa ba ta wuce santimita 50 zuwa 60 ba, sai jimillar ta tsaya kusan mita 5. Ka tambayi tsawon ramin kansa, don da yawa gajeru ne, ƙafafun gaba da na baya ba za su zauna a ciki tare ba.

Ka kwatanta da wannan: tirela ɗauke da doguwar kwantena tsayinta wajen mita 4.3 zuwa 4.4 ne. Wayoyin da suka ƙetare titi da rassan bishiyoyi duk iyakar nan suka saba da ita, motoci sun riga sun share musu hanya. Kai kuma za ka zo da ƙarin fiye da rabin mita. Shi ya sa kowane santimita ke da daraja. Idan motar mai balan-balan ɗin iska ce a ƙafa, a sauke iskar bayan an ɗora ta, a rage ta taya, a sa katako ƙarƙashin casis ya ɗauki nauyin. Bayan an gama ɗauri a sake aunawa, a rubuta adadin a manna a gaban direba.

Hanya kuwa sai an bi ta tukuna. A sami gora busasshiya mai tsayin kayan da ƙarin tafin hannu biyu, a ɗaure ta a ƙaramar mota, a bi daga Ijora har bakin titin Ibadan, ana gwada kowace gada da gadojin masu tafiya a ƙasa irin na Ojota da Berger. Wasu gadojin sama a Legas an gitta musu ƙarfe don hana manyan motoci, a san su tun da wuri. A sanar da LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ranar fita. Motar goran nan ita za ta yi gaba har Kano. Abin da ke cin rai a wannan aiki shi ne a sa yaron mota ya hau rufi yana ɗaga waya da sanda. Don Allah kada ka yarda. Babbar waya mai ƙarfin volt 11,000 ko 33,000 tana iya kama mutum tun bai taɓa ta ba. Inda ta yi ƙasa a kira ma'aikatan wuta su kashe layin.

Hanyoyi biyu ne gabanka. Ta Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba da Mokwa ta fi kusa, amma ramukanta na sa lobed mai ƙasa-ƙasa ya riƙa dukan kwalta da ciki, ga matsalar tsaro a ɓangaren Birnin Gwari. Ta Akure, Owo, Okene, Lakwaja, Abuja, Kaduna da Zariya ta fi nisa, akwai hawa da kwana a wajen Okene, kuma a 2022 ambaliya ta datse ta a Koton Karfe. Mu dai da rani muka fi so a yi wannan tafiya, kuma direbobin da suka sauko a makon su ne za su gaya maka gaskiyar hanya. Ka same su a Ogere, matsayar tireloli a kan titin Legas zuwa Ibadan. Tafiyar rana kawai, don da dare ba a ganin waya. Ka ƙaddara kwana huɗu zuwa biyar.

Wajen ɗorawa, cikin bas ɗin yana kusa da ƙasa, gaba da baya kuma sun zarce ƙafafu da nisa, to idan matakalar hawa lobed ɗin ta yi tsaye gindinta zai daki ƙasa ya fasa kaskon mai. A ƙara tsawon matakalar da falankai masu kauri, a ja ta da winci a hankali. Sarƙa a jikin aksul ko casis ake ɗaura ta, huɗu aƙalla, biyu na ja gaba biyu na ja baya, da weji a kowace taya. Ba a ɗaurawa a jikin bodi, galibi alminiyom ne, zai yage. A rufe gilasan gaba na bene da filawud saboda rassa, a cire madubai, a cire kan batir, a ɗaure ƙofofi. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a ƙara matse sarƙoƙi, sannan a duk inda aka tsaya.

Tambaya: Ni tawa daga Apapa zuwa Ikorodu kawai za ta, kuma ba ta tashi. Janwe zai iya?

Amsa: Zai iya, malam, kuma ya fi maka sauƙi tunda tsayin ba zai ƙaru sosai ba. Sharaɗi biyu ne. A kwance farfela, wato sandar da ke haɗa giyabos da ƙafafun baya, kafin a ja, domin famfon man giyabos mai canza kansa da inji yake aiki. Idan aka ja shi inji a kashe, zai ƙone a bushe. Na biyu birki: idan na iska ne, da zarar tanki ya huce ƙafafun baya za su kulle kansu. Sai janwen ya ba ta iska da tiyo, ko makanike ya ɗaure sifirin ɗin birkin da kusoshinsa. Da sandar ƙarfe ake ja ko a ɗaga gaba, ban da igiya ko sarƙa.

Tambaya: Wa ya kamata ya biya idan ta lalace a hanya, mai sayarwa, mai saye ko mai tirela?

Amsa: Wanda takarda ta ce, ɗan'uwa, shi ya sa a rubuta kafin mota ta motsa. A sa a ciki wa ke biyan kuɗin hanya da na motar rakiya, da abin da za a yi idan gada ta tilasta zagaye. A yanki inshorar kaya a kan hanya da sunan bas ɗin da ƙimarta, don inshorar da ke kan tirela ta wajibi ba ta biyan kayan da ta ɗauko. A ɗauki hoton kowane ɓangare da kowane gilashi a gaban direba. Takardun kwastan na biyan duti da rasidin ciniki su kasance a hannun wanda ke rakiya, lambar casis ta dace da ta takarda, domin za a tambaya a hanya. Kuɗin ɗauka kuma a raba: wani kaso a ba da na gas, cikon sai an sauke. Sannan mai saye ya auna ƙofar filinsa da wayoyin layinsa, ya tanadi wuri mai faɗi da ƙasa mai tauri inda lobed zai miƙe ya sauke.