Kafin ka sayi sabuwar rauta, fara gwada layin da kebul

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a sabon layin. In na fahimce ka daidai, yanzu kana kan megabit 100, kamfani zai ɗaga ka zuwa faiba mai gigabit 1, gidan bene ne mai hawa ɗaya, kuma kana son sanin ko ka riƙe tsohuwar rautarka, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ko ka tsaya kan wadda za su kawo, ko ka sayi mai Wi-Fi 7 da ake ta yaba maka.

Ni dai shawarata, kada ka sayi komai tukuna. Bari su ja layin su kunna, ka ɗan zauna da abin da suka kawo, ka yi gwajin da zan faɗa maka, sannan ka san inda kuɗinka zai tafi. Na daɗe ina haɗa wa 'yan'uwa da abokai intanet a gidajensu, kuma yawancin masu kirana suna cewa an cuce su, in na je sai in tarar layin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya shaƙe shi yana cikin gidan, kuma sau da yawa ba rautar ba ce.

Igiyar faiba ba ta shiga irin rautar da kake saya a kasuwa. Tana ƙarewa ne a wani ɗan akwati da ake kira ONT, shi ke juya hasken da ke zuwa ta gilashin ya koma siginar da kebul na jan ƙarfe ke ɗauka. Wasu kamfanoni sukan kawo shi shi kaɗai, wasu kuma su haɗa shi da rauta da Wi-Fi a akwati guda. Ko wanne suka ba ka, yana da rajista a na'urarsu, ba za ka cire shi ka sa naka kai tsaye ba. Duk rautar da za ka saya, bayansa za ta zauna.

Ga gwajin. Samo laftof mai kafar kebul ta gigabit, ka jona ta da akwatin kamfani ta kebul mai rubutun Cat5e ko Cat6 a jikinsa, ka kashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin, ka buɗe shafin gwada gudun intanet, Speedtest ko fast.com. In komai daidai ne za ka ga wajen megabit 940, cikin 1000 da ke gigabit 1. Kada ka tayar da hankali don bai cika 1000 ba, ragowar tana tafiya wajen adireshi da sauran bayanan da ake liƙa wa kowane ƙunshin data, kuma kafar gigabit ba ta wuce haka. In kana sauke fayil ka ga yana nuna 110 ko 117, shi ma daidai ne, megabait yake ƙirgawa, kuma kowane megabait ɗaya megabit 8 ne.

Lambar da za ta sa ka buɗe ido ita ce 94 ko 95. In ka gan ta cak, ba ta hawa ba ta sauka, to akwai wani wuri a hanyar da ya maƙale a 100. Ko dai wata kafa ce tsohuwa, ko kebul ne. A cikin kebul akwai siraran wayoyi 8. Gudun 100 huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duk takwas ɗin sun taɓa. In ɗaya ta tsinke ko ba ta kai bakin kan ba, na'urorin ba za su yi maka ƙorafi ba, shiru za su koma 100 su ci gaba da aiki. A gidan wani ɗan'uwana, har ya sayi rauta mai eriya kamar ƙahoni yana shirin mayar da ita, sai na ɗaga kan kebul ɗin zuwa fitila na leƙa ta cikin robar. Waya mai ruwan ƙasa, ta gefe can ƙarshe, ta tsaya kafin ta kai ƙarfen da ke cije ta. Aka yanke kan aka matse sabo, gwaji ya tashi daga 94 zuwa sama da 900. Rautar ba ta da laifin komai.

Tsohuwar rautarka kuma, juya ta ka karanta ƙasanta, ko ka nemi lambarta a intanet. In an rubuta 10/100 ko Fast Ethernet a kafofinta, ta gama aiki a wannan layin, musamman kafar da aka rubuta wa WAN, domin ta nan duk intanet ɗin gidan ke shiga. Akwai rautoci masu araha da dama da za ka ga AC1200 ɓaro-ɓaro a kwalinsu, amma kafofinsu na 100 ne. Kwalin na cewa dubu da ɗari biyu, ƙofar shiga ba ta ɗaukar fiye da ɗari.

Tunda an zo kan lambobin kwali, bari in ɗan tsaya a nan, don a nan aka fi yi wa mutane wayo. AX3000 ba ya nufin wayarka za ta yi gudun 3000. Tarawa aka yi, domin rauta na watsa Wi-Fi a kan zangon rediyo fiye da ɗaya: 574 na zangon 2.4 GHz, da 2402 na zangon 5 GHz, aka haɗa aka cike lissafi. Kamar mutum ne mai motoci biyu, ɗaya na gudun 60 ɗaya na 120, ya ce shi 180 yake gudu. A irin wannan rautar wayarka zango ɗaya take hawa a lokaci guda. Yawancin wayoyi da laftof eriya biyu ke cikinsu, saboda haka a Wi-Fi 5 mai faɗin tasha 80 MHz iyakar abin da za su ƙulla shi ne 867, a Wi-Fi 6 kuma 1201. Wannan ma gudun haɗin da ke tsakanin waya da rauta ne kawai, abin da zai iso hannunka yakan tsaya wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku, kana tsaye kusa da rautar. Saboda haka in ka ga 500 ko 700 a waya a falo, babu wanda ya cuce ka.

Batun Wi-Fi 7. Fasaha ce mai kyau, a farkon 2024 aka fara ba na'urori shaidarta. Tana iya buɗe faɗin 320 MHz a zangon 6 GHz, tana kuma iya haɗa zango biyu ga na'ura ɗaya. Amma sai wayar da ke hannunka ita ma tana da shi, in ba haka ba rautar za ta sauko ne ta yi mata magana da yaren da ta iya. Duba wayoyin gidan da talabijin da laftof, nawa ne ma suka kai Wi-Fi 6, wanda ya fito tun 2019? Sannan ba kowace ƙasa ce ta buɗe zangon 6 GHz ba, kuma wasu rautocin Wi-Fi 7 masu sauƙin kuɗi ba su da wannan zangon sam, sunan kawai ka saya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ganina Wi-Fi 6 mai kafofin gigabit ya ishi gida irin naka. Kafar 2.5 gigabit tana da amfani in kana da niyyar hawa sama da gigabit 1 nan gaba, amma ka lura, wasu guda ɗaya tak suke da ita. Intanet zai shiga da 2.5, ya fita zuwa kwamfutarka ta kafar 1.

Abin da ya fi damuna da bayaninka shi ne benen. Kankare da rodi suna cinye sigina fiye da yadda mutane ke zato, kuma zangon da ya fi gudu shi ya fi saurin mutuwa a bango. 2.4 GHz yana ratsawa ya yi nisa, amma a hankali yake, ga cunkoso, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a nan suke. 5 GHz yana gudu amma bango biyu sun isa su karya shi, 6 GHz ya fi shi rauni a wannan. Kuma ko da rautar tana da ƙarfin da za ta kai sigina ɗakin sama, ita wayar fa? Dole ta mayar da amsa da ɗan ƙaramin eriyarta. Shi ya sa za ka ga sandunan Wi-Fi uku a waya amma shafi ya ƙi buɗewa.

Don haka kuɗin da za ka zuba a ƙatuwar rauta guda, gara ka raba shi: na'urori biyu matsakaita, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da kebul a tsakaninsu. Cat5e yana kai gigabit har mita 100, in sabon ja za ka yi sa Cat6 ka huta. Waɗannan da ake sayarwa biyu-biyu ko uku-uku da sunan mesh suna da kyau, suna ba ka suna ɗaya a duk gidan, waya na sauya na'ura da kanta in ka hau sama. Amma su ma ka haɗa su da kebul in da hali. In ta iska suke magana da juna, ta kankaren nan dai siginar za ta bi. 'Yan ƙananan masu ƙara sigina da ake soka wa a soket kuwa, ba na ba kowa shawararsu a layin gigabit. Da rediyo ɗaya suke karɓa su kuma aika, gudun yakan rabe biyu tun kafin ya iso ka.

Ranar da masu jan layin za su zo, ka kasance a gida. In ka bar su, inda ya fi musu sauƙi za su huda, galibi kusurwar da ta fi kusa da waje, su manna akwatin a can. In ONT ɗin daban yake, ba komai, bar shi a kusurwar ka ja kebul zuwa tsakiyar gida inda rauta za ta zauna. In haɗe yake da Wi-Fi, roƙe su su kai shi tsakiya. A sarari, a ɗan sama, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba. Na sha tarar da rauta a cikin durowar ƙarfe an rufe saboda kada ta ɓata kwalliyar falo. Igiyar faibar kuma kada a lanƙwasa ta sosai ko a matse ta da ƙofa, gilashi ne a ciki, kuma kada yara su cire kan su leƙa, hasken ba ya ganuwa amma yana iya illata ido.

Tun suna nan ka tambaye su ko layin PPPoE ne, wato wanda ake hawa da suna da kalmar sirri, in shi ne ka karɓi suna da kalmar sirrinsa ka ajiye, da lambar VLAN, wato lambar da kamfani ke ware layin intanet da ita, in suna amfani da ita. Ba tare da su ba, rautarka ba za ta hau layin ba. PPPoE kuma yana gajiyar da ƙwaƙwalwar ƙananan rautoci, sai ka ga mai kafofin gigabit ta kasa kai gigabit ɗin. Ka tambaya kuma ko za su mayar maka da akwatinsu gada kawai, ya riƙa miƙa wa rautarka layin ba tare da ya yi aikin rauta ba, abin da ake rubutawa Bridge a saituna. In suka ƙi kuma ka jona rautarka haka nan, rautoci biyu za su jeru kowace tana raba nata adireshi. Buɗe shafuka ba zai samu matsala ba, amma masu wasan gem da masu duba kyamarar gida daga waje za su sha wahala. Mafita mai sauƙi ita ce ka bar na kamfani ya yi aikin rauta, ka kashe Wi-Fi ɗinsa, naka ka sa shi a yanayin Access Point, wato ya watsa Wi-Fi kawai. In suna ba ka wayar tarho ko talabijin ta akwatin nasu ma, wannan hanyar ce ba za ta taɓa su ba.

Akwai abubuwan da babu rautar da za ta gyara, kada ka kashe musu kuɗi. Yawancin faibar gidaje irin GPON ce, igiya ɗaya mai kusan gigabit 2.5 na saukewa da 1.25 na ɗorawa ake raba wa gidaje da dama, saboda haka in gwajin kebul ya nuna 900 da asuba, ya faɗi da daddare, maganar ta kamfani ce. Haka in sun sa ka a bayan CGNAT, wato kana raba adireshin waje da wasu, sai dai ka nemi su ba ka naka ko su kunna maka IPv6, sabon tsarin adireshin intanet.

Kuma ka sani, ba gudun ne ke hana bidiyo tsayawa ba. Netflix da kansu megabit 15 suka ce ya isa kallon 4K. Amfanin gigabit shi ne mutane da yawa a lokaci guda, da sauke manyan fayiloli. In kiran bidiyo na yankewa duk lokacin da wani ke ɗora hotuna, nemi rauta mai SQM, ita ke tsara layi kada ɗaya ya toshe wa kowa. Sai dai kunna shi kan rage ƙololuwar gudu a rautoci marasa ƙarfi.

In ka zo saye, duba shafin kamfanin da ya ƙera ta ka ga yaushe suka fitar mata da sabuntawa ta ƙarshe. Wadda aka daina sabunta manhajarta, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani, domin ita ce ƙofar gidanka ta intanet. Ta kasance tana da WPA3, sabon tsarin kulle Wi-Fi, amma ka sa ta a haɗe da WPA2 saboda tsofaffin na'urori, kuma kada ka kashe 2.4 GHz, yawancin ƙananan kyamarori da fitilu masu Wi-Fi shi kaɗai suka sani. Ka canza kalmar sirrin shiga saituna, ka kashe WPS, hanyar jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirrin Wi-Fi ba. In kai mai son taɓe-taɓe ne, zaɓi wadda ke karɓar OpenWrt, manhajar da ake sa wa rauta a madadin tata ta asali, za ta daɗe tana samun sabuntawa bayan masu ita sun manta da ita.

In sun kunna maka, turo lambar da kebul ya nuna, da wadda waya ta nuna a falo da kuma a ɗakin sama mafi nisa, da sunan da ke ƙasan tsohuwar rautar. Da waɗannan zan iya ce maka ko na'ura ɗaya za ka ƙara a sama, ko biyun za ka saya.