Amsa ga Yaya kan madara da nono

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Yaya, na saurari muryar da kika turo, inda kike tambayar dalilin da ya sa madara take kumbura miki ciki har da murɗawa, alhali tun kina yarinya a Daura kike shan fura da nono lafiya lau. Amsar tana wajen wasu sinadarai da jiki yake haɗawa da kansa, waɗanda likitoci suke kira enzayim.

Aikinsu shi ne gaggauta farfasa abinci har ya kai yadda hanji zai iya tsotse shi, kuma kowanne da abin da yake kamawa, kamar yadda makulli ba ya buɗe kwaɗon da ba nasa ba. A cikin yawu akwai amilez mai narkar da sitaci, shi ya sa idan kika daɗe kina tauna burodi za ki ji ya soma zaƙi. A tumbi kuwa fefsin ne yake yayyanka furotin na nama da wake, kuma sai cikin tsami mai ƙarfi yake aiki. Wani masanin kimiyya mai suna Theodor Schwann ne ya gano shi a Jamus a 1836.

Wanda ya shafe ki shi ne laktez, wanda bangon ƙaramin hanji yake samarwa domin ya raba sukarin madara gida biyu kafin ya shiga jini. Jariri yana da shi a wadace, amma a wajen mafi yawan mutanen duniya yana raguwa bayan yaye, ko da yake Fulani da yawa sun gaji riƙe shi har girma. Idan ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce babban hanji bai narke ba, ƙwayoyin bakteriya su cinye shi su fitar da iska, shi kuma ya janyo ruwa, sai kumburi da kukan ciki, wani lokaci har da gudawa.

Nono kuwa ya riga ya kwana a ƙwarya, bakteriya sun mayar da wani kaso na sukarin zuwa tsamin nan da kike ji a harshe, saboda haka aikin da ya rage wa hanjinki kaɗan ne.

Ba na so ki daina shan madara gaba ɗaya, domin ƙashi yana buƙatar sinadarin kalsiyam da yake cikinta. Ki riƙa shan kaɗan tare da abinci, ki fi ba kindirmo ƙarfi. Amma idan kika ga jini a bahaya ko kina ramewa, ki je asibiti a duba ki, don wannan ba ƙarancin laktez ba ne.